Me ya sa wani gem ke kashe ka sau ɗari kana komawa, wani kuma sau uku ka goge shi?

A watan Fabrairun 2014 wani matashi ɗan ƙasar Biyetnam mai suna Dong Nguyen ya cire wasansa daga kasuwannin manhajar waya, a daidai lokacin da wasan ke kan gaba a ƙasashe da dama, kuma shi da bakinsa ya ce tallace-tallacen da ke ciki na kawo masa kimanin dala 50,000 a kullum. Sunan wasan Flappy Bird. Ba labari a cikinsa, ba zane na a-zo-a-gani. Wani ɗan tsuntsu ne, ka taɓa fuskar waya ya yi sama, ka ɗauke yatsa ya yi ƙasa, aikinka kawai ka ratsa da shi tsakanin bututai kada ya goge ko ɗaya. Sabon shiga da wuya ya wuce bututu uku bai faɗi ba. Mutane suka yi ta zagin wasan, suna kuma bugawa har tsakar dare. Dalilin da Nguyen ya bayar na cire shi shi ne ya zame wa jama'a jaraba.

Shekara 32 kafin nan, a 1982, kamfanin Atari na Amurka ya fitar da wasan E.T. An ba mai haɗa shi, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar kacal don a riski kasuwar Kirsimeti. Wasan bai kai Flappy Bird wuya ba ko kusa. Amma cike yake da ramuka, kana cikin tafiya ka ga ka rufta, ka yi ta fama ka fito, kana taka bakin ramin ka sake komawa ciki ba ka san laifin da ka yi ba. Yara suka yi ta mayar da shi kanti. A 1983 kamfanin ya kwashi tarin kayan da suka yi kwantai, har da wannan wasa, ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Sai a 2014 aka tono wurin aka tabbatar da labarin.

Da a ce wahala ce ke ɓata gem, da Flappy Bird ne ya kamata a binne. To ba a nan gizo ke saƙar ba. A Flappy Bird, duk sanda tsuntsunka ya bugi bututu ka san abin da ya faru: ka yi saurin taɓawa, ko ka yi jinkiri. Laifin naka ne, ka gan shi da idonka, kuma cikin daƙiƙa biyu an ba ka damar gyarawa. A E.T. kuwa ramin ne ke yanke hukunci. Ina ganin kusan duk abin da ke sa gem ya yi daɗi ko ya ƙona rai yana komawa ga wannan: idan mai wasa ya faɗi, wa yake ɗora wa laifi, kuma yana ganin hanyar fita a hannunsa take ko a hannun wani?

Mu fara daga yatsa, domin daga nan yarda ke farawa. Gem da ke tafiya daidai yakan sauya hoto sau 60 a daƙiƙa guda, wato kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan ka danna maɓalli abin da ke allo ya amsa cikin hoto biyu ko uku, ƙwaƙwalwarka takan mance da cewa akwai na'ura tsakaninka da shi. Shi ya sa ba wanda ke cewa "ɗan mutumin ya yi tsalle", sai dai "na yi tsalle", "an harbe ni", "na ci". A Super Mario Bros. na 1985, in ka ɗan taɓa maɓallin tsalle Mario ya yi ɗan gajeren tsalle, in ka riƙe ya yi sama sosai; in yana gudu ka saki, ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame kamar mai nauyi a jiki. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa tun kafin ka haɗu da abokin gaba, motsin kansa ya yi maka daɗi a hannu.

Da zarar wannan igiya ta tsinke, komai kyawun gem ya tashi a banza. Masu buga ƙwallo ko wasan harbi ta intanet daga Kano ko Zariya ko Maraɗi sun fi kowa sanin haka. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Tsakanin Legas da Landan akwai kusan kilomita 5,000, zuwa da dawowa 10,000, wato milisakan 50 ke nan ko da a ce wayar miƙe take sambal ba ta tsaya ko'ina ba. Alhali ba miƙe take ba, gaɓar teku take bi, ga tazarar Arewa zuwa Legas, ga turakun sabis da saƙon zai ratsa. Idan babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan tana Turai, jinkirin ya kai milisakan 150, to hoto tara ke nan ya wuce kafin umarninka ya je ya dawo. Ka ga ɗan wasanka ya fita shi kaɗai, ka danna ka ba shi ƙwallo, kafin ƙafar ta motsa mai tsaron baya ya riga ya tare hanya. Ka laɓe bayan katanga, sai ka ga ka mutu, domin a allon abokin karawarka ba ka riga ka shige ba. Ka yi abin da ya dace a lokacin da ya dace, aka kuma hukunta ka. Wannan ya fi a ci ka biyar da nema zafi, domin babu darasin da za ka ɗauka ka dawo da shi gobe.

Bayan yatsa sai koyarwa. Matakin farko na Super Mario Bros. ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau, don Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa a Nintendo sun koyar da wasan gaba ɗaya ba tare da rubuta umarni ko ɗaya ba. An ajiye Mario a gefen hagu yana fuskantar dama, gabansa fili fetal, ba sai an ce maka ka nufi can ba. Sai ga wata 'yar halitta mai murtukakkiyar fuska tana tahowa a hankali. In ka tsaya ta taɓa ka ka mutu, amma ba ka yi asarar komai ba, daƙiƙa goma ce kawai da farawa. Karo na biyu za ka tsallake ta, wataƙila ma ka faɗo a kanta ka gano ana iya murƙushe ta. A sama akwai akwatuna masu alamar tambaya suna ƙyalli, dole hannu ya yi ƙaiƙayin bugunsu. Daga ɗaya sai naman kaza ya fito, ya gangara dama, ya faɗo ƙasa, ya bugi koren bututu ya juyo kanka. Kai kuma yanzu ka koyi cewa abin da ke tahowa kashe ka yake, sai ka yi ƙoƙarin tsallake shi, amma akwatunan da ke saman kanka sun tare maka hanya, ya zo ya taɓa ka, sai ka ga ka ƙara girma. An tilasta maka sanin cewa wannan abokinka ne, kai kuma kana ganin da kanka ka gano. Can gaba akwai matattakala biyu da rata a tsakaninsu, amma ƙasa na nan a ƙarƙashi, in ka faɗa sai ka fito. Kana wucewa sai ga irinsu sak, wannan karon da rami na gaske. An ba ka gwaji kyauta kafin jarrabawa.

Kwatanta wannan da gem ɗin da ke buɗewa da shafi bayan shafi na bayani, ko ya tsayar da kai kowane taku yana cewa danna nan, yanzu danna can. Na farkon ya ɗauke ka mai hankali. Na biyun kuwa ko dai ya ɗauke ka wawa, ko ya jibga maka abin da za ka mance kafin buƙatarsa ta zo.

Daga nan sai maganar yadda wuya ke ƙaruwa. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka, tun shekarun 1970 yake nazarin halin da mutum kan shiga idan aiki ya tafi da hankalinsa har ya mance da yunwa da lokaci. Ya lura cewa hakan na faruwa ne idan nauyin aikin ya yi daidai da ƙwarewar mai yin sa: in ya yi sauƙi a gundura, in ya fi ƙarfi a karaya. Matsalar mai haɗa gem ita ce ƙwarewar ba ta tsayawa wuri ɗaya, abin da ya sa ka gumi jiya yau wasan yara ne. Wani abin dariya shi ne ɗaya daga cikin mafita na farko a tarihin gem bisa tsautsayi aka same ta. A Space Invaders na 1978 akwai dodanni 55 da ke saukowa a jere. Na'urar lokacin ba ta da ƙarfi, idan dodannin na da yawa sai ta riƙa zana su a hankali, kana rage su tana samun sauƙi suna ƙara gudu. Mai haɗa wasan, Tomohiro Nishikado, ya ga haka ya bar shi yadda yake. Sai ya zama iya ƙwazonka iya wutar da za ka sha, na ƙarshen nan kuwa da ya rage shi kaɗai har bugun zuciya yake sa wa.

Amma daidaito ba yana nufin sassauci ba. Kamfanin FromSoftware na Japan ya gina sunansa ne a kan wasannin da ba sa tausayi. A Dark Souls na 2011, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranta, babu zaɓin "mai sauƙi". In ka mutu, duk abin da ka tara na ƙara ƙarfi yana zubewa a inda ka faɗi, a mayar da kai baya, a dawo da abokan gaban da ka kashe. Dama ɗaya gare ka ka koma ka kwashe kayanka. Ka sake mutuwa a hanya, sun tafi ke nan. A takarda wannan mugunta ce tsagwaronta. Amma Elden Ring, ƙanensa na 2022, ya sayar da kwafi sama da miliyan 20 cikin shekara guda. Dalili shi ne bos, wato babban abokin gaba da ke tare maka hanya, ko ya kashe ka sau ashirin ba ya yi maka ƙarya. Kafin ya kawo sara yakan ɗaga kafaɗa ta wata siga, kafin ya yi tsalle yakan ɗan durƙusa. Karo na farko ba ka ga komai ba sai mutuwa. Karo na goma ka fara karanta jikinsa. Ranar da ka kayar da shi, ba lambobin ɗan wasanka ne kaɗai suka ƙaru ba, kai ne ka iya abin da ba ka iya ba jiya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Akwai wani lissafi a nan da masu wasa ke yi ba tare da sun sani ba, wato nawa faɗuwa ke ci. Ba yawan mutuwa ke gajiyar da mutum ba, abin da ake karɓa a hannunsa duk mutuwa ne. Celeste na 2018 na iya kashe ka sau dubbai kafin ka gama, har ƙirga maka yake yi, amma kowace mutuwa tana mayar da kai farkon ɗakin da kake ne cikin ƙiftawar ido. Wani gem kuma mutuwa ɗaya sai ka jira ya sake lodi, ka sake kallon hirar da ba a tsallakewa, ka sake tafiyar minti biyar da ba komai a cikinta, kafin ka isa inda aka kashe ka cikin daƙiƙa huɗu. Wannan ba wuya ba ce, cin lokaci ne. Ko Dark Souls da ake yabo, wannan doguwar tafiya zuwa wurin bos na cikin abin da masoyansa da yawa ke ƙorafi a kai, kuma a Elden Ring an rage ta sosai.

Yanzu ga inda maganar ke murɗewa. Na ce mai wasa na son adalci, amma abin da yake kira adalci sau da yawa ba shi ne gaskiyar lissafi ba. Masu haɗa gem sun daɗe da gano haka, kuma sun daɗe suna yi mana maguɗi don amfaninmu. A Celeste, in ka wuce bakin dutse ƙafarka ta riga ta bar ƙasa, akwai ɗan taƙin lokaci da in ka danna tsalle za a karɓa kamar har yanzu kana tsaye. In ka danna kafin ka sauka ƙasa da ɗan kaɗan, za a riƙe maka umarnin a aiwatar da zarar ka taɓa. In kanka ya goge kusurwar dutse sai a ɗan matsar da kai gefe ka wuce. Maddy Thorson, wadda ta jagoranci wasan, ta bayyana waɗannan dabaru a fili. Da an bi ainihin doka, da wasan ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kai kuma ka riƙa rantsuwa cewa ka danna bai amsa ba.

Resident Evil 4 na 2005 yana lura da kai a ɓoye: kana yawan mutuwa ya rage wa abokan gaba zafi, kana ragargazarsu ya ƙara musu, bai kuma taɓa gaya maka ba. Sid Meier, uban wasannin Civilization, ya ba da labari a taron masu haɗa gem na 2010 cewa masu gwada wani wasansa sukan fusata idan allo ya nuna ƙarfinsu uku ne a kan ɗaya amma suka sha kashi. A lissafi, uku da ɗaya na nufin za ka faɗi sau ɗaya cikin huɗu. A zuciyar mai wasa kuwa yana nufin nasara tabbas. Ƙarshe dai lissafin aka lanƙwasa ya bi zuciya. XCOM 2 na 2016 ma, a matakansa masu sauƙi, yana ƙara wa harbinka damar samu fiye da lambar da ya nuna maka. Dalilin bai ɓuya ba: tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara a wurin ɗan Adam ya fi daɗin riba mai girma ɗaya nauyi. Harbi tara da suka samu ba ka tuna su, ɗayan da ya kuskure a kan kashi 90 cikin ɗari shi za ka kwana da shi.

Sai dai wannan maguɗi takobi ne mai kaifi biyu. Yana aiki ne muddin ba a gan shi ba, ko kuma an amince da shi tun farko. A Mario Kart, wasan tseren motoci, kowa ya san na baya ne ke samun makamai masu ƙarfi, kuma tun Mario Kart 64 na 1996 akwai shuɗin ƙoƙon kunkuru da ke tafiya takanas ya tarwatsa wanda ke kan gaba. Rashin adalci ne a fili, amma da yake an san wasan raha ne na 'yan gida, ƙane ya samu ya ci yayansa sau ɗaya, sai a yi dariya a wuce. Ka kai irin wannan cikin gasar da mutum ya sa kuɗinsa da sunansa, sai ta ɓaci. Duk mai buga FIFA ya san zancen nan na cewa "gem ɗin ne ya so a rama": kana ci biyu da nema, minti na 85 sai 'yan bayanka su zama kamar an ɗaure musu ƙafa. A Nuwamban 2020 wasu 'yan wasa a Kalifoniya suka maka kamfanin EA a kotu kan zargin yana murɗa wahalar wasa a ɓoye don a sayi ƙunshin 'yan wasa. A Maris 2021 suka janye ƙarar bayan kamfanin ya ba su bayanan fasaha da damar ganawa da injiniyoyinsa, kuma EA ya tsaya a kan cewa ba ya amfani da wannan dabara a Ultimate Team, sashen wasan da ake sayen ƙunshin 'yan wasan a cikinsa. Amma zargin bai mutu ba har yau da sunan wasan ya koma EA Sports FC. A ganina dalilin shi ne wanda ke sayar maka da maganin rashin nasara ba zai taɓa iya gamsar da kai cewa ba shi da hannu a rashin nasarar ba, ko da kuwa hannunsa tsaf yake.

Masu bincike sun auna wannan ɓacin rai. A 2014 Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Richard Ryan na Jami'ar Rochester da abokan aikinsu suka wallafa jerin gwaje-gwaje kan abin da ke sa mutum ya tashi daga gem da fushi. A ɗaya daga ciki sun ba wasu mutane Tetris na yau da kullum, wasu kuma suka ba su wanda aka murɗa ya riƙa jefo musu tubalin da bai dace da inda suke buƙata ba. Tetris ba jini ba bindiga, tubala ne kawai ke saukowa, Alexey Pajitnov ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Amma waɗanda aka ba murɗaɗɗen sun fi nuna halin mugunta ga wanda zai biyo bayansu a gwajin. Abin da binciken ya nuna shi ne toshe wa mutum hanyar ƙwarewa, ta maɓallai masu rikitarwa ko wahalar da ba ta da mafita, yana tunzura shi ko akwai tashin hankali a wasan ko babu. Iyayen da ke ganin yaro ya jefar da waya bayan gem suna iya duba nan kafin su ɗora wa harbe-harben da ke allo laifin duka.

To duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya ginu ne a kan zaton cewa mai haɗa gem so yake ka ji daɗi. A zamanin da ake sayen kaset ko faifai sau ɗaya, haka ne galibi: ya karɓi kuɗinsa, abin da ya rage masa shi ne ka yabe shi ka sayi na gaba. Wasannin waya na "kyauta" sun juya wannan lissafi. Ɗauki Candy Crush Saga na 2012. Rai biyar gare ka, kowace faɗuwa ta ci ɗaya, kowane rai sai ka jira minti 30 ya dawo. Matakan farko kamar ruwa, allo na ta walƙiya ana yaba maka. Can sai ka iso matakin da ka maƙale. Saura alewa biyu ka gama, motsinka ya ƙare. A daidai wannan daƙiƙa, zuciya na tafasa, sai allo ya fito da tayi: ga ƙarin motsi biyar, in za ka biya. Takaicin a nan ba kuskure ba ne da ya kuɓuce wa masu zane, shi ne hajar da shagon ya dogara a kai. A 2016 Activision Blizzard ya sayi King, kamfanin da ya yi wasan, a kan dala biliyan 5.9.

Mai buga dara a gindin bishiya in an cinye shi ya san ramin da ya saka ɗansa ba daidai ba, 'yan kallo ma za su tuna masa, gobe ya dawo da gyara. Ka ɗauka a ce mai allon darar ne ke cewa in ka ba shi naira hamsin zai bar ka ka janye motsinka na ƙarshe. Daga ranar ba dara ake yi ba.

Mafi tsanani a wannan fanni shi ne ƙunshin sa'a: ka biya kuɗi a ba ka akwati ko kati a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Tun tsakiyar ƙarni na 20 B.F. Skinner ya nuna da tattabaru da ɓeraye cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi wanda ake samu a ƙa'ide sa dabba ta nace da danna abu, kuma ya fi wuyar bari. A kan wannan aka gina injinan caca. A ƙarshen 2017 rikici ya ɓarke kan Star Wars Battlefront II na EA, inda akwatunan ke ba da ƙarfin da ke tasiri a fafatawa, har kamfanin ya dakatar da sayayya a cikin wasan ana gab da fitar da shi. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar, a farkon 2019 kuma EA ya daina sayar da kuɗin cikin FIFA a can. Birtaniya ta bi wata hanya: a Yulin 2022 gwamnatinta ta ƙi saka su a dokar caca, ta bar wa kamfanonin su tsara kansu. A Amurka kuwa, a Disamban 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu sayayya ta tarayya, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka ce tsarin maɓallan wasan ya sa su sayen abin da ba su yi niyya ba, wani lokaci da dannawa ɗaya.

Akwai kuma takaicin da ba dabara ba ne, ganganci ne kawai. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 cike da matsaloli a tsofaffin na'urori har Sony ya cire shi daga kantinsa na PlayStation, bai dawo ba sai Yunin 2021. Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball a 2021, ya fitar da shi da fuskokin 'yan wasa a karkace da motsi kamar na aljanu, ya dawo yana ba da haƙuri. Wannan ba ya buƙatar dogon sharhi, an sayar da tuwo ne bai nuna ba.

Abin da ya fi wuyar warwarewa shi ne mutane, domin a wasan intanet wahalarka wani ɗan Adam ne, kuma nasarar kowa faɗuwar wani ce. Ba yadda za a yi a yi wa duka ɓangarorin biyu maguɗin alheri. Abin da ake iya yi shi ne a haɗa ka da tsaranka, ta tsarin maki da ya samo asali daga wanda Arpad Elo ya tsara wa 'yan wasan ces (darar Turawa), wanda hukumar ces ta duniya ta karɓa a 1970. Ƙwararrun wasan harbi na Call of Duty sun daɗe suna kuka da wannan tsari, suna cewa kowane wasa ya zama kamar wasan ƙarshe na gasa, ba damar shaƙatawa. A Yulin 2024 Activision, kamfanin da ke da wasan, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a ɓoye, inda ya sassauta haɗa mutane bisa ƙwarewa ga wani kaso na 'yan wasa: mafi yawansu sun ƙara ficewa ana tsakiyar wasa, sun kuma rage dawowa, 'yan saman nan kaɗan ne suka ji daɗi. Shaƙatawar da gwani ke nema, sabon shiga ne ke biyan kuɗinta.

Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa gidajen gem na unguwa ba su mutu ba duk da kowa na da waya a aljihu. Mutum biyu a benci ɗaya, talabijin ɗaya, ba jinkirin sabis, ba wanda ya sayi katin ɗan wasan da ɗayan ba shi da shi. In an ga tazarar ta yi yawa, gwanin da kansa zai ce "ɗauki Madrid, ni ba ni kowace ƙungiya", ko ya ba da ƙwallo biyu kafin a fara. Daidaita wahala ke nan, irin wanda Resident Evil 4 ke yi a ɓoye, sai dai a nan a fili ake yin sa kuma da yardar kowa. Wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na layi, ya koma baya yana kallon yadda aka yi masa, ana tsokanarsa. Ƙorafin da ya rage masa bai wuce ya ce maɓallin hannunsa ya saki ba, shi ma sai mai gida ya ce a musanya hannu a sake bugawa.